Wankan Lindsay Trewin

Lindsay Trewin, maƙwabcina a garin Bendigo, tsohon direban bas ne. Da ya yi ritaya sai ya kewaye farfajiyar gidansa da bokis, 'yan bishiyoyin shingen nan masu ganye kamar farcen jariri, kore shar rani da damina. Na ƙirga su: ɗari biyu da goma sha huɗu, babu wadda ta wuce gwiwa. Kullum yana kansu da almakashi yana yi musu aski, gatan da gemunsa bai taɓa samu ba.

Sai fari ya zo. Hukuma ta hana ban ruwa da tiyo, ta ce ruwan da aka yi wanka da shi kaɗai za a zuba wa shuka. Mu dai muka ajiye bokiti ɗaya a banɗaki, muka haƙura. Lindsay kuwa ya duba dokar da kyau, ya ga ba ta faɗi sau nawa mutum zai yi wanka ba.

Ya tashi, wanka. Ya sha shayi, wanka. Bokiti tara na gani jere a ƙofarsa. Da ganye ya fara yin rawaya sai ya ɗora wa sabulu laifi, ya hana shi shiga gidan.

"Haba tsoho," in ji matarsa Noelene, "fatarka ta yamutse kamar busasshen inabi, kuma har yanzu tsami kake yi."

"Ke dai shiga, kuma ki daɗe. Layin bokis na gabas bai sha ba."

Ni ma ya tare ni ta kan katanga. "Mutumina, ba ka jin zafi? Zo ka watsa ruwa mana, akwai giya mai sanyi." Ban yi musu ba. Bokiti uku na tara masa.

Rawaya na ƙaruwa, wanka na ƙaruwa. Wata safiya Noelene ta kama guda cikin shukokin za ta kakkaɓe mata busasshen ganye, sai ta tumɓuko a hannunta, saiwar baƙa ƙirin, tana warin kwata. Ashe bokis yana jure ƙishi. Zama cikin ruwa ne ba ya jurewa.

A shekarar da madatsar ruwan gari ta kusa ƙafewa, ɗari da casa'in da shida daga shukokin Lindsay ruwa ne ya ci su. Sha takwas ɗin da suka tsira na bayan gareji ne, inda ya ce ɗaukar bokiti ya yi masa nisa.