Jirgi, Tirela da Sunan da Ba Na Kamawa

Shekarun baya ne, sun haura goma yanzu, lokacin da Alkahira ta hargitse, Turawan unguwar Ma'adi suka yi ta ɗaure kaya suna komawa garuruwansu. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake yi ana rubuta muku. Don haka ku saurara kamar kuna zaune a gabana.

Ɗana na fari direba ne a gidan wani Bature. Bature ya tafi, aiki ya bi shi. Wata uku yana zaune a ɗakinmu na unguwar Ainu Shams yana kallon bango, matarsa na kallonsa, yara na kallon tukunya. Abokansa kuwa ɗaya bayan ɗaya suna bin hanyar Libiya, daga can sai teku. Wasu a ji muryarsu a waya, wasu shiru har yau. Na san shi ma zuciyarsa ta fara leƙa wannan hanya.

Mu asalinmu masunta ne a bakin kogin Nilu ta wajen Sudan, ɗan nawa a cikin jirgi ya yi rarrafe. Da ya ji wani dattijo Bamisire zai sayar da tsohon jirginsa, ƙarami mai inji, haɗe da 'yar tirela mai taya biyu da ake ɗora shi a kai mota ta ja, sai ya saya, na kuma sa albarka. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasa, ta ƙare a lokacin, tawa ce mai rai, sai aka ce a yi takardu da sunana.

Ya ce, "Inna, kwana biyu ne. Ki dangwala yatsa, khalas, shi ke nan."

Kwana biyu. Allah Ya yafe masa.

Muka je ofishin masu kula da ruwa. Muka bi layi tun hantsi har azahar. Da muka isa taga, ma'aikaci ya ce sai an kawo jirgi ya gani da idonsa. To. Muka je ofishin motoci don a ba tirela lamba, tunda ita za ta kawo shi. Suka ce ba a ba ta lamba sai an ga takardar jirgin da za ta ɗauka, kuma ba lamba ba ta hawa titi. Muka koma wajen na farko, na ce to mu tuƙo shi ta ruwa mana. Ya ce jirgin da ba shi da takarda ba ya taɓa ruwa.

Na ce, "Ɗana, ƙasa ta haramta, ruwa ya haramta. Fiffike za mu sa masa?"

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ma'alish ya Hajja. Bukra."

Ma'alish shi ne a yi haƙuri, bukra kuwa ita ce gobe a bakinsu. Wannan goben tasu, wallahi ta girme ni.

Gobe muka dawo, mai hatimi ya tafi masallaci. Jibi, mai hatimi na aurar da 'yarsa. Aka ce hotona ya yi duhu, na sake. Aka ce wannan ya yi haske, ba ni ba ce. Na hau matakalar ginin nan har gwiwoyina suka san adadinta, ni da nake salla a zaune. A ƙarshe muka yi hayar babbar mota, aka ɗora jirgi a kan tirela, aka ɗora tirela a kan mota. Wadda aka saya don ta yi goyo, ita aka goya, muka ratsa gari da ita mutane na nuna mu. Mai duba jirgi ya fito, ya ƙwanƙwasa cikinsa sau biyu, ya ce tamam, komai daidai. Mako bakwai muka yi don wannan ƙwanƙwasa biyun.

Saura abu ɗaya. Tunda jirgi da sunana yake, kuma ba ni zan tuƙa ba, sai na je wani ofishi na wakilta ɗana a rubuce. Aka shigar da ni da shaidu biyu, dattawan unguwarmu, shi aka tsayar da shi a waje. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta karanta mini takarda, ta ce tunda ba na karatu, doka ta ce sai ta ji daga bakina.

Ta ce, "Wa kike wakiltawa, ya Hajja?"

Na ce, "Wancan na bakin ƙofa, mai shuɗiyar riga."

"Sunansa."

"Baban yara."

"Sunansa nake so."

Na ce, "'Yata, ga shi nan a rubuce a gabanki. Ke da kika yi karatu, karanta abinki."

Ku yaran yanzu ba lallai ku gane ba. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Kunya ce, da ita aka raine mu. Wannan kuma sunan surukina ya ci, mahaifin mijina, kunya ta zama biyu. Shekara arba'in da ɗaya ina ce masa "kai", ko "baban yara", bai taɓa ɓata mini ba. Dattawan suka yi ta yi wa ma'aikaciyar bayani da Larabci, ba ta ko dube su ba. Ta cire tabarau ta matso.

Ta ce, "Uwar da ba ta san sunan ɗanta ba? Gaya mini gaskiya, Hajja. Wa ya kawo ki? Cutarki ake so a yi?"

Ta rufe fayil. Ta ce in je in yi tunani.

Muka koma gida. Sai bayan la'asar ɗana ya zo ya durƙusa a gabana.

Ya ce, "Inna, ban ce kin yi laifi ba. Amma na gaji. Akwai motar da za ta tashi zuwa iyakar Libiya ranar Asabar, an ajiye mini wuri. Ki yafe mini."

Na dube shi. Na ce, "Ɗauko fayil ka ajiye kusa. Da safe za mu koma."

Muka koma, ni da dattawan nan, da haƙurinsu. Ita ce dai a kujerar. Ta sake tambaya. Na sunkuyar da kai, na ja mayafi, na faɗi sunan kamar mai satar magana. Fanka na ta ƙara a sama.

Ta ce, "Ban ji ba."

Nan fa raina ya ɓaci. Mako bakwai na layi da matakala suka taso mini gaba ɗaya. Na ɗaga kai, na buɗe murya irin wadda ake kiran masunta daga tsakiyar kogi, na faɗi sunansa, da na ubansa, da na kakansa.

Sai na ji daga bayan ƙofa an ce, "Na'am, Inna?"

Ya leƙo, ya zaci kiransa nake yi. Ƙato da shi, da furfura a gemu, ya tsaya yana kallona kamar ya ga baƙuwa. Dattawan suka dubi ƙasa. Ni kuwa da ƙasar ta tsage da na shige. Ma'aikaciya ba ta san an yi komai ba, ta kama yatsana ta dangwala, ta buga hatimi, ta ce, "Yalla, na gaba."

Motar Asabar ta tashi ba da shi ba. A satin ya sa jirgi a ruwa, yana kamun kifi da safe, da yamma ya zaga da masu shan iska. Da kuɗin jirgin nan ya aurar da 'ya'ya biyu.

Wasu kan ce matar nan kare ni ta yi, in gode mata. Na sani, ba muguwa ba ce. Amma har yau in na tuna sai in ji zafin abin. Abin da na riƙe tun ina amarya, da mijina bai roƙe ni in saki ba, da ciwon yaron nan bai sa na saki ba, takardar tsohon jirgi ta ƙwace shi a gaban mutane, aka ma ce in maimaita. Na koyi cewa in ya zama tsakanin kunyarki da ɗanki, kunyar ce za ta haƙura. Na yarda da wannan. Ban dai yarda sai a ofis za a koya mini ba.

Ban sake kama sunan ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. Duk shekara in lokacin sabunta takarda ya zo, yakan tsaya a bakin ƙofata ya yi gyaran murya. Ni kuma kafin in nemi takalmina sai in ce, "Kai, je ka tambayo tukuna. Yatsa suke so, ko baki?"