Reshen Gawon Baba Babba

A shekarar da na shiga lise, wato babbar sakandare, kawuna mai jan mota tsakanin Ɗan Issa da Maraɗi ya bar mini tsohon radiyonsa mai gajeren zango. Malaminmu na fizik ya taɓa ce mana akwai mutanen da ke hira da juna ta radiyo daga ƙasa zuwa ƙasa, don sha'awa kawai. Su nake son ji. Na tare malamin bayan an tashi, ya ce sai na ɗaga antan, wato doguwar waya a sama, iya tsayin da na samu.

Bayan gidanmu a Madarumfa akwai gawo a bakin gonar Baba Babba, yayan mahaifina. Damina ce, shi kuwa gawo da damina yake zubar da ganye. Na ɗaga kai na ga rassa fayau, ba abin da zai taɓa waya, na ce na samu. Na zaɓi reshen da ya miƙo wajen ɗakina. Na ɗaura dutse a zaren koma na yi ta jifa, dutsen na faɗawa cikin gero, har Allah ya sa ya tsallaka reshen, na jawo igiya sama da zaren. Tsakanin igiya da waya na sa guntun tiyo kada tagulla ta taɓa itace, na ƙara robar cikin taya, in iska ta kaɗa reshe kada wayar ta tsinke.

Ya kuwa yi. Da la'asar, cikin shuuu da ƙara, sai muryoyi su fito, wasu da Faransanci, wasu da harsunan da ban sani ba. Ba ni da na'urar amsa musu, kuma hakan ya yi mini daidai.

Rani ya shigo, ciyawa ta ƙare, gawo ya yi kore shar. Wata Asabar da hantsi ina karatu na ji sarar gatari. Baba Babba ne a sama, yana sassabe wa ragunansa ganye, kamar yadda yake yi kowace shekara tun ina rarrafe. Na auna tsayi, na auna iska, raguna ne ban sa a lissafi ba. Reshena ya fi kowane reshe ganye, kuma babu wani mai tsayinsa ta wajen gidanmu.

Ni da ko gaisuwa a ƙasa-ƙasa nake yi masa, na tsinci kaina a gindin gawo.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa, Mushe. Mi ya hiddo ka daga littahi?" Mushe ake kiran malaman boko a wajenmu, da sunan yake tsokanata.

"Wancan reshen... don Allah a bar shi."

Ya leƙa. "Ashe igiyag ga taka ce? Na zaci shanyar tsuntsaye ce."

Na yi bayani, ina tuntuɓe da kalmomi. Ya saurara, gatari a kafaɗa.

"To, mi suke hwaɗi, mutanen naka?"

"Yawanci zancen ruwan sama ne, da yadda suka ɗaura wayarsu."

"Su ma aikin yi ya ƙare musu ke nan," in ji shi. "Raguna dai ba su cin labari. In bar maka reshe, kai kuma ka tsinto musu 'ya'yan gawo ta wajen tabki, kullum da la'asar."

"Baba, da la'asar suke magana."

Ya yi dariya har reshen da yake kai ya girgiza. "Ji mini yaro, ashe da baki! To, da sahe, kahin lakkol."

Haka aka yi. Duk ranin nan na riƙa isa aji da ƙaya a silifa da ƙurar buhu a riga, ragunan suka yi ƙiba, reshen kuma ya tsaya shi kaɗai da ganyensa a jikin gawon da aka aske tas.