Kwandon Kaka a Hawa na Shida

Jiya wata mata a unguwarmu tana jan guga, igiyar tana gogar bakin rijiya, sai na tsaya cak kamar an kira sunana. Na san wannan ƙarar. Haka igiyar kwandonmu take kuka a jikin ƙarfen baranda, a unguwar Ard al-Liwa, lokacin ina ɗan shekara tara.

Baba yana karatu a Alƙahira, muna zaune a hawa na shida, gidan da ba abin hawa sai matakala. In ba ka taɓa zama can ba, bari in gaya maka, matan garin ba sa sauka don ƙaramar sayayya. Kwando suke zurawa da igiya daga baranda, su ƙwala wa mai shago kira, ya saka burodi ko ƙwai, su ja.

Kaka, mahaifiyar Baba, an kawo ta daga gida ganin likita saboda ciwon zuciya. Wata biyu aka ce za ta yi. Ɗalibai huɗu suka hau da ita a kan kujera, haka kuma ake sauke ta duk ranar asibiti. Abu ɗaya take roƙon Baba: ya mayar da ita ɗakinta kafin ruwa ya sauka. Likita kuwa kullum sai ya ce jikinta bai kai na hawa jirgi ba, a ƙara wata ɗaya. Da ƙarin wata ɗaya har damina biyu ta wuce ta.

A waɗancan shekarun, gari a rikice yake, an hana mu fita. Ni da ƙanwata muka addabi kowa, sai Kaka ta ƙirƙiro mana wasa. Za ta sa mai shago ya ajiye ƙwai ɗaya tsirara a kwando, mu jawo shi hawa shida. A hanya akwai shanyar matar hawa na uku, wadda bakinta ya fi igiyarta tsawo, akwai farantin tauraron ɗan Adam na hawa na huɗu, ga iskar la'asar mai kaɗa kwandon yana bugun bango. Kaka tana zaune a kujerarta, ta buɗe tafin hannu a kan gwiwa. Nan ne ƙarshen tafiya.

Ƙanwata, uwar wayo, ta ce a riƙa sa albasa.

"Albasa?" in ji Kaka. "Abin da ba ya fashewa, wa zai damu da shi?"

Wata rana na kawo ƙwan lafiya har baranda, tafin hannuna yana zafi saboda igiya. Garin miƙa mata ya suɓuce, ya fashe a gaban ƙafarta. Na ce ai na ci, tunda saura kamu ɗaya. Ta dube ni, ta dubi ƙwan.

"Maigida, kayan da bai shiga hannun mai shi ba, yana hanya."

Na yi kuka, ta yi min dariya har tari ya sarƙe ta. Mama ta goge wurin tana mita, wai ƙwan abincin dare muke wasa da shi.

A ƙarshe likita ya yarda. Baba ya shigo da takardar jirgi yana murna kamar yaro, yana cewa, "Khalas, shi ke nan, Inna, sai gida!" Kaka ta ɗaure kayanta da kanta, ta hana kowa taɓawa. Saura kwana uku, bayan sallar azahar, ta kwanta ba ta tashi ba. Ɗaliban nan suka sauke ta hawa shida, a can aka binne ta cikin mutanen da ba ta jin yarensu.

Da Baba ya dawo daga maƙabarta, ya zauna kusa da ƙullin kayanta. Ban taɓa ganin gajiya irin tasa ba. Shekara biyu yana hawa yana sauka da ita. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ban kai ta ba."

Yanzu sana'ata ke nan, tsara wasannin waya, a wani ɗan ofis mai zafi. Yara ba su san ciwon igiya a hannu ba, da yatsa suke kai kaya, in ya fashe su sake. Wanda muke yi a yanzu, mai keke ne zai kai kwandon ƙwai kasuwa. Abokin aikina ya tambaye ni, in ƙwan ya fashe dab da isa, me za a ba mai wasa? Na buɗe baki zan ba shi amsar Kaka, sai na tuna Baba zaune kusa da ƙullin nan.

Na ce a ba shi rabin maki. Na san Kaka ba za ta yarda ba.