Ruwan Gishirin Kaka

Jiya da hantsi Dunna, karen gidanmu, ya dawo daga gona wayar shinge ta yage masa kafaɗa. Likitan dabbobi kuwa sai ranar kasuwa yake zuwa ƙauyenmu, saura kwana huɗu. Maƙwabcinmu ya miƙo mini baƙin man mota, ya ce, "Shafa masa, Hajara, ƙuda ba zai sauka ba." Har na karɓa, sai warinsa ya tuna mini da Kaka, wanda ya rasu bara war haka.

Shi ma an taɓa miƙa masa irinsa, lokacin da uwar Dunna ta ji rauni. Ya ture gwangwanin. Har yanzu ina ganinsa ƙarƙashin dogon yaro, tururin tafasasshen ruwan gishiri yana ratsa farin gemunsa. Ya bari ruwan ya huce, yana zubawa a hankali, yana rarrashinta.

Matarsa, Inna, ta ce, "Malam, kare fa kake taɓawa!"

Ya ce, "Hannu zai wanku. Wadda ta tsare mini gero ba zan bar wa tsutsa ba." Sannan ya ɗaure wurin da ƙyalle mai tsabta.

Haka na yi wa Dunna jiya. Amma yau kafaɗar ta kumbura, Dunna ya ƙi tuwo. Shi kaɗai ya rage cikin dabbobin Kaka. Ba zan jira kasuwa ba, gobe zan kai shi wurin likitan can garin Cadawa a amalanke.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kaka. Ya sa in isa da Dunna yana numfashi.