Igiyar Kawu

Jiya a Bulpiela na ga wata tsohuwar igiya, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Ya daɗe yana ratsa teku shi kaɗai, a ƙaramin jirgi mai zane da iska ke turawa. Ko da ya dawo gida Tamale, ba ya barcin rana sai ya ɗaure ƙugunsa da igiya jikin darbejiya, kamar yadda ya saba ɗaure kansa jikin jirgi. Igiyar har warin gishiri take.

Na ce, "Kawu, nan fa babu ruwa."

Ya ce, "'Yata, in mutum ya faɗa ruwa, jirgi ba ya juyowa. Kana kallo yana tafiya."

Shekarar 'yancin kai ya koma teku. Aka tsinci jirgin babu kowa. Igiyar kuwa, a jikin darbejiyarmu ya bar ta.

Allah Ya riƙe shi inda igiya ba ta kai ba.