Tukunya Biyu da Kular Maryam

Har gobe ban manta da ranar da muka fita aiki Sheme ni da Maryam ba, a daminar da likita ya raba mu da dunƙule. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kun tarar da Hajiya Maryam tana shugabar sashen awon ciki. To a lokacin matakinmu ɗaya, dukanmu ma'aikatan lafiya na karkara, benci ɗaya muke zama a ƙaramin asibitinmu na ƙasar Faskari. Ni ke riƙe da sashen tamowa, wato inda ake auna yaran da suka rame, a ba iyayensu shawarar abinci.

Ciwo ne ya haɗa mu. Ni ƙaiƙayi da kumburin ciki suka matsa mani, in na ci abinci ciki ya ɗaure kamar ganga, fata ta yi ruɗu-ruɗu. Maryam kuma ƙuraje da murɗar ciki. Wani likita da kan zo mana zagaye ya duba mu rana ɗaya, ya ce yana zargin wani abu ne cikin abin da muke ci. Ya ce mu ajiye duk abin da ke fitowa daga leda ko gwangwani, irin su dunƙulen miya, sukari, taliya, burodi da lemun kwalba, mu haɗa da nono, madara, ƙwai da gyaɗa. Mu zauna kan abin da ya fito daga gona kai tsaye: gero, dawa, wake, ganye, kabewa, da nama ko kifi. In jiki ya lafa bayan 'yan makonni, sai mu riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya.

"Wanda ya tayar da ciwon, shi ne ɓarawon," in ji shi. "Amma kada wadda ta zauna da yunwa."

A bakin likita abin ba wuya. A gidana kuwa yara huɗu ne, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Maigidana yana koyarwa a Ƙanƙara, sai ƙarshen mako muke ganinshi, don hanyar ba ta biyuwa da yamma. Ranar farko na kaɗa miyar kuka da daddawa da manja kawai, na ce kowa ya ci. Ɗana na biyu ya ɗanɗana, ya ture kwanon.

"Mama, miyar nan ba ta da lafiya."

Ba wanda ya ci na kirki. Daga ranar na koma ɗora tukunya biyu, tasu da tawa, kafin in yi masu wanka, in tura su makaranta, in kai ƙaramin gidan maƙwabciya. Galibi tasu ke nuna, tawa lokaci ya ƙure mata. Sai in ƙulla dafaffen dankali da gishiri in jefa a jaka.

Da azahar kuma Maryam ta buɗe kularta. Yau dambun gero da zogale, gobe faten wake da alayyafo, jibi farfesun kifi yana tururi, ga kunun tsamiya da aka zaƙaƙa da dabino. Mahaifiyarta, Inna Rabi, ta taso daga Damari ta zauna wurinta. Ita ke surfe, ita ke tsinke ganye, ita ke girki. Maryam wanka kawai take yi ta ɗauki kula.

"Hadiza, bismillah mana," kullum sai ta ce.

"Na ƙoshi," ni ma kullum amsata kenan. Sai in juya mata baya in ɓare dankalina, ƙamshin daddawarta yana bina har cikin ƙoƙon rai.

Ba a daɗe ba fuskarta ta washe, ta yi sumul. Ni ƙaiƙayin ya ragu, amma na zabge, idanu suka faɗa, kayan aikina suka yi mani yawa. Masu zuwa awo suna tambayar Maryam wane mai take shafawa, ni kuwa suna yi mani sannu.

Wata rana ta manto kular a gida. Sai ga Inna Rabi a ƙafa, cikin rana, ta kawo mata har bakin ɗakin allura. Ta yi mata faɗa kamar ƙaramar yarinya, tana faɗan tana gyara mata wuyan hijabi. Ni tawa uwar ta rasu tun ina goyon fari. Na tashi na shiga ɗakin ajiyar magani, na buɗe firjin allurar riga-kafi kamar mai neman wani abu, na daɗe a tsaye. Da dambun kaɗai nake ƙyashi, da da sauƙi.

Ana haka shugabar asibitin, Hajiya Asabe, ta kira mu kan fitar Sheme. Ga wanda bai sani ba, ranar fita mukan ɗauki akwatin sanyi na allura, da sikeli, da igiyar auna damtsen yaro mai launi uku: kore lafiya lau, ɗorawa a yi hattara, ja kuma sai asibiti. Kafin a fara allura akan tara mata a yi masu bayanin abinci, kuma wannan bayanin aikina ne tun zuwana.

"Wannan karon Maryam za ta yi," in ji Hajiya. "Mata su gani da idonsu abin da abincin gida ke yi wa jiki."

"Hajiya, ai ni ma tsarin nake bi."

Ta dube ni sama da ƙasa, ba da mugunta ba. "Na sani, Hadiza. Amma in suka gan ki za su ce abin na ramar da mutum. Ke ki riƙe awo."

Na ce to. Muka shiga mota sai Sheme.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin wata bishiyar ɗorawa, mata suka cika wurin da goyo. Maryam ta miƙe, kuma gaskiya ta iya magana. Ta ce su rage dunƙule su koma daddawa, su yawaita zogale da rama da wake, yaro mai rama a dama mashi nashi daban. Ina gefe da igiyar awo, kowace kalma tata ina jin tawa ce aka ara ba a tambaye ni ba.

Sai wata mata mai suna Lantana ta ɗaga hannu. Na san ta, ɗanta ya daɗe a launin ɗorawa.

"Malama, ke wa ke dafa maki?"

Maryam ta ce, "Innata."

Wurin ya kaure da dariya. Wata ta ce, "Ashe dai!" Ba zan ɓoye maku ba, wani sanyin daɗi ya ratsa ni, har na sunkuyar da kai don kada a ga murmushina. Amma Lantana ba ta yi dariya ba. Ni ta juyo ta kalla.

"Ke ma Malama Hadiza haka kike ce mani duk zuwa, in dafa mashi nashi daban. Ni ke gona, ni ke rijiya, ni ke itace, ga yara shida. Da wane hannun? Ke kin taɓa gwadawa?"

Dankalina na cikin jaka, ya yi sanyi tun safe. Na ce mata na gwada, kuma tukunya ta biyun ta kusa kayar da ni.

Maryam ce ta tsuguna kusa da ita. "Ai Inna ma ba tukunya biyu take ɗorawa ba. Guda ce. In miya ta nuna sai ta ɗebi nawa, sannan ta jefa wa sauran gida dunƙulensu. Ke ma ki ɗebi na yaron kafin ki zuba yaji, ki dame mashi da wake ya yi laushi."

Lantana ta gyaɗa kai. "Wannan kam zan iya."

Na tsaya riƙe da igiya kamar an dasa ni. Makonni ina tashi tun assalatu ina fama da murhu, ashe dabarar tana cikin kular da nake juya wa baya. Kuma ita ma dabarar, uwa ce ta ba ta.

A hanyar dawowa ta buɗe kular ta ajiye tsakaninmu. Na sa hannu. Dambun ya yi daɗi har ya ba ni haushi.

Daga nan na koma tukunya ɗaya, jikina ya dawo. Ɗan Lantana ma kafin kaka ya shiga kore. Da muka fara dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya, ɓarawon Maryam ya fito: nono ne da madara. Ta bar su, ta ci gaba da sha'aninta. Nawa kuwa gyaɗa. A ƙasar nan! Ba ƙuli-ƙuli, ba kwaɗon zogale, ba miyar taushe, ba kunun gyaɗa da azumi, ko tsire sai na tambayi abin da ke cikin yajin. Na ce mata, "Maryam, ke ko a ciwo sai da kika zaɓi mai sauƙi." Ta yi dariya har da hawaye. Ni rabin maganar da gaske nake. Inna Rabi na nan da ranta, Allah ya ƙara mata lafiya, kuma in na ce maku ƙirjina ya daina motsawa in na gan su tare, na yi ƙarya.

Ku da za ku riƙe igiyar awo bayanmu, ga abin da na tsinta a Sheme. Lissafa wa uwa abin da za ta ci da wanda za ta bari, kowa ya iya. Kafin ku fara, ku tambaye ta ƙarfe nawa take tashi, wa ke ɗebo mata ruwa, wa ke karɓar goyon in ta tsuguna gaban murhu. In ta ce ba kowa, ku sake shawarar, don wadda kuka zo da ita a bakin ƙofar asibiti za ta ajiye ta, ta tafi gida da ɗanta yadda ta kawo shi.