Baba Nehemiya, Mai Sallama Kafin Ya Hau Sama

Kullum da safe, kafin kwanon rufi ya yi zafin da zai ƙona hannu, Baba Nehemiya kafinta yakan jingina tsaninsa da katanga, amma ba ya hawa. Sai ya bi ƙofofin maƙwabta yana ɗaga murya: "Salamu alaikum, masu gida! Kafinta zai hau sama, mata a kimtsa!" Sai ya ji an amsa, sannan ya cire takalmi ya taka tsani. Haka yake yi tun da ya baro Pankshin ya zauna a Gumel, tun ba a haife ni ba.

Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba sai yau. Amma an ce daga bana ya daina hawa rufi, gwiwa ta hana shi, kuma ban ji wanda ya ce masa sannu ba.

Ku tambayi Adda, wata tsohuwa a Gagarawa. Iska ta yaye mata ɗaki ana tsakiyar damina, shi kuma wani aiki ne daban ya kai shi garin. Bai shiga motar Gumel ba sai da ya miƙar da tsohon kwanonta da guduma ya mayar mata. Ɗantala mai shagon hatsi a Maigatari ya ce da idonsa ya ga Baba Nehemiya ya sauko, ya ja da baya ya kalli layin kwanon da ya buga, ya koma ya cire shi duka saboda ya ɗan karkace. Baba Nehemiya, kai ne wanda ya ga tsakar gidan rabin Gumel daga sama, ba a taɓa jin zancen gidan kowa a bakinka ba.

Bana ya zo namu gidan. Rufin ƙasa ne a ɗakin marigayi Babanmu, gara ta cinye azarar, kowace damina sai mun jera robobi muna taran yoyo. Umma ta ce a sauke a yi na kwano. Muka kwashe kaya zuwa zaure, gado a kan buhun gero, tukwane a kan gado. Ƙasa a tuwo, ƙasa a shayi. Umma ta ce ko tari ta yi, bulo ne zai fito.

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni Agnes ce, 'yarsa, sa'ata.

Da azahar take zuwa da kular abinci. Tun daga sama zai hango ta.

"Wace ce wannan mai tafiya kamar agwagwa?"

"Wa kake da shi mai kawo maka abinci ban da ni?"

"Yau ma gishirin ya fi shinkafar yawa?"

"To sauko ka dafa da kanka, Baba."

Sai ya sauko yana dariya, su zauna a inuwar darbejiya, ya tambaye ta jarrabawa, ta cire masa sartse a yatsa. Ni ina zaure, littafi a buɗe a cinyata, layi ɗaya nake ta maimaitawa. Ba abin da ta yi min, har gaishe ni take yi. Amma wallahi idan na ji ta ce "Baba" sai kishi ya kama ni. Ita tana da wanda za ta yi wa tsiwa.

Cikin azarar da aka sauko da ita akwai guda ɗaya mai ƙusa a jiki. A nan Babanmu yake rataye rediyonsa, yakan ɗaga ni sama in murɗa masa tasha. Aka jibge ta a bayan ɗaki tare da sauran. Kawu Abdulbaƙi ya ce Dogo mai amalanke zai kwashe su ya kai wa masu tuyar ƙosai su yi makamashi. Na so in yi magana. Na shirya kalmomin a raina sau da yawa, amma da Kawu ya kalle ni sai in ce, "Sannu da zuwa." Abin da na iya kawai, idan ba kowa, in zagaya in shafa ƙusar.

Ranar da Dogo ya zo, ban fito ba. Ina jin ƙarar itace a amalanke har ya tafi. Da na leƙa, wurin fayau.

Ranar da aka gama aiki, ina shara, sai na ji, "Rabi'atu, zo riƙe min nan, 'yata."

Na shiga ɗakin. Ya kafa wani gungumen azara a bango, ya kankare inda gara ta ci, ya goge shi sumul, ya ɗora falanki a kai.

"Na littattafanki ne. Ƙusar ban cire ba, wanda ya buga ta ya iya bugu."

Na riƙe, ya ƙarasa. Ko na gode ban iya cewa ba.

Da Agnes ta zo na tare ta a zaure, karo na farko da na fara yi mata magana. Na ce ko ya ba ta labarin azarar?

"Wace azara? Baba ba ya kawo abin da ya gani a sama gida." Ta leƙa ɗakin, ta daɗe tana kallo, sai ta turo baki. "Lallai ma! Ni tun yaushe nake roƙonsa, har yau littattafaina a kwali suke."

Allah ya yafe min, na ji daɗi.

Baba Nehemiya, kai ne ka hango yarinya a bayan ɗaki, ba ka tona ta ba, ba ka kuma ƙyale ta ba. Godiyar da ta maƙale min ranar, ga ta nan. Allah ya ba gwiwarka lafiya. Ku kuma matasan da za ku gaji tsaninsa, ku yi sallama kafin ku hau, abin da kuka gani kuma ku san yadda za ku yi da shi.

Ruwan farko ya sauka, ko ɗigo bai shigo ba. Na rataye tsohon rediyon a ƙusarsa. Har yanzu Agnes ce ke bin ka gida da yamma riƙe da kula, ba ni ba. Don Allah, Baba, ka yi mata nata.